Intanet ɗin layin girke: abin da ke cinye shi tsakanin zaure da ɗaki

Yawancin mutanen Maraɗi ta salula suke shiga intanet, kowa da layin da ya fi kama masa a unguwarsu. Amma har yanzu akwai ofisoshi, makarantu, shagunan buga takardu, kantunan magani da wasu tsofaffin gidajen ƴan kasuwa da intanet ɗinsu ke shigowa ta wayar tarhon girke, wadda aka ja wata tun zamanin Sonitel, kamfanin tarhon ƙasa, kafin a haɗe shi da SahelCom a 2016 a samu Niger Telecoms. Irin wannan haɗin shi ake kira ADSL. Masu shi kuwa kukansu kusan ɗaya ne: layi na yankewa, fitilar modem, wato akwatin da ke fito da intanet daga layin, na ƙyaftawa, abin da aka biya daban, abin da ke isowa daban. Da an tashi neman mai laifi kuma, sai a ce kamfani.

Wani lokacin da gaskiyarsu. Amma sau da yawa ɓarnar a cikin gida take, a ƴan mitocin ƙarshe, daga inda waya ta sauko daga falwaya ta shiga zaure zuwa teburin da aka ajiye modem. Wannan ɗan tsakanin ba kamfani ne ke kula da shi ba, mai gida ma ya manta da shi, kuma gyaransa bai kai kuɗin wata ɗaya na layin ba.

Sai an san yadda abin yake tafiya a cikin wayar kafin gyaran ya yi ma'ana. Wayar tarho siraran jan ƙarfe ne guda biyu, kaurin kowanne wajen rabin milimita. Don murya aka yi ta, murya kuma ɗan wuri kaɗan take ci, daga haz 300 zuwa 3,400 (haz ma'aunin saurin kaɗawar saƙo ne, dubunsa kilohaz ɗaya). Sama da nan fili ne fetal ba kowa, shi ADSL ya zo ya mamaye. Tsarin farko, wanda ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU ta amince da shi a 1999, yana aiki daga wajen kilohaz 25 zuwa 1,104. ADSL2+ da ya zo a 2003 ya ninka filin, ya kai kilohaz 2,208. Ƙasa-ƙasan filin, zuwa kilohaz 138, na abin da kake aikawa ne, duk sauran na abin da kake saukewa. Shi ya sa tura bidiyo ke cin lokaci fiye da sauke shi, ba wata mugunta aka yi maka ba.

Modem ba ya ɗaukar filin nan a dunƙule. Yanka shi yake ƙanana-ƙanana, kowane yanki faɗin kilohaz 4 da ƴar ɗoriya, yanki 256 a tsohon tsari, 512 a sabon. Duk lokacin da ka kunna shi, a daƙiƙun nan da fitila ke ƙyaftawa, shi da na'urar da ke can cibiyar kamfani suna auna yankunan ne. Aikinsu irin na mai raba lodi a bakin Babbar Kasuwa: ya dubi amalanke, in tayarta lafiya lau ya jibga mata, in tana rangaji ya rage, in ta karye ya tsallake ta. Yanki mai tsabta yana iya ɗaukar har bit 15, wato ƙwayoyin bayani, a bugu ɗaya, ana kuma yin bugu 4,000 a daƙiƙa. Yankin da hayaniya ta cika sai a ba shi biyu ko uku, ko a bar shi fanko. Jimlar lodin nan ita ce gudun layinka. A takarda tsohon tsari na kaiwa megabit 8, sabon 24, amma sai wanda yake maƙwabtaka da cibiya zai ga kusa da haka.

Abu biyu ke rage lodin. Na farko nisa. Ƙarfin saƙo yana raguwa a hanya, a waya mai kaurin milimita 0.4 ana lissafa asarar desibel 15 a kowace kilomita (desibel ma'aunin ƙarfin saƙo ne), kuma yankunan sama su ke fara mutuwa. In layi ya haura kilomita biyar da wuya ya yi abin kirki. Wanda ke can bayan gari wajen jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo da wanda ke tsakiyar gari ba za su sami abu ɗaya ba in cibiya ɗaya ke ba su, kuma tsawon wayar ake aunawa da duk kwane-kwanenta, ba tazarar da ido ke gani ba. Nisa ba shi da magani a hannunka. Na biyu hayaniya da lalatattun mahaɗai, nan ne kake da ta cewa.

Kafin ka taɓa sukundireba, fara tambayar modem ɗin kansa. Yawancinsu in ka rubuta 192.168.1.1 a kwamfutar da ke jone da su za su buɗe shafinsu, in ba wannan lambar ba ce to tana rubuce a ƙasan akwatin. Nemi wurin da ke bayanin layi. Lambobi uku kake so. Akwai gudun da aka ƙulla. Akwai asarar hanya, wadda shafin Faransanci ke rubutawa atténuation. Sai ratar da ke tsakanin saƙo da hayaniya, marge de bruit ko SNR. Asarar hanya gara ta zama ƙarama. Ratar kuwa gara ta zama babba, desibel 6 ne aka saba sa wa a matsayin ma'auni, in tana faɗowa ƙasa da haka layin ya kusa yankewa. Rubuta su a takarda, da rana sau ɗaya, da dare sau ɗaya.

Sai gwajin da ke raba gardama. Nemi soket na farko, wato inda wayar waje ta fara sauka a cikin gida. Cire duk tarhon da ke gidan, in za ka iya ka kwance wayoyin da suka fita daga soket ɗin zuwa sauran ɗakuna, ka ɗauko modem ka jona shi nan da gajeriyar waya. Sake duba lambobin. In gudu ya tashi, ko ratar ta ƙaru da desibel uku ko huɗu, to ɓarawon a cikin gida yake. In ba abin da ya motsa, ka huta da fasa bango, matsalar tana waje. Wannan gwajin na minti goma ya kamata kowane mai gyara ya fara da shi, amma da yawa sai su fara da cewa a sayi sabon modem, saboda a nan ribar take.

Filta shi ne abu mafi arha a duk maganar, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ɗan akwati ne mai baki biyu, ɗaya na tarho ɗaya na modem. Mutane na zaton intanet ɗin yake tacewa. A'a, tarhon yake tsarewa. Bakin tarho yana barin murya ta wuce ya datse duk abin da ke sama, bakin modem kuwa a yawancinsu waya ce miƙaƙƙiya ba a yi mata komai ba. Dalili shi ne kan tarho ba a ƙera shi don manyan zanguna ba, wato filin saman nan da ADSL ke aiki a ciki. In aka bar shi tsirara a kan layi yana shanye wani ɓangare na saƙon, yana kuma zuba tasa hayaniyar, sannan duk lokacin da aka ɗaga kai ko aka ajiye sai yanayin layin ya sauya farat ɗaya. Lodin da modem ya raba bisa awon ɗazu ya tashi daga aiki, sai ya yanke ya sake awo. Wanda intanet ɗinsa ke ɗaukewa da zarar tarho ya yi ƙara, ko yake jin shuuu a kunne in yana magana, ba sai ya je nesa ba: ko ba filta, ko filtan ya mutu.

Kuma ba tarho kaɗai ba. Duk abin da ke jone da layin sai an sa masa: injin fas da aka daina amfani da shi amma ba a cire ba, na'urar karɓar kuɗi da kati in ta layi take bi, tsohon tarhon ɗakin Hajiya da ba wanda ya tuna yana nan. Guda ɗaya da aka manta ya isa. Kuskuren da ya fi ban haushi shi ne a jona modem a bakin tarho, fitila ta yi ta ƙyaftawa har gobe ba za ta tsaya ba.

Ni dai ban yarda da tara filta a kowane ɗaki ba. Kowanne yana ɗora wa layin ɗan nauyi, kowanne kuma ƙarin mahaɗi ne da zai iya yin tsatsa. Wanda ya fi shi ne guda ɗaya mai kyau a bakin shigowa: layi ya shigo, ya rabu nan take, reshe ɗaya ya tafi modem kai tsaye, sauran wayoyin gidan duka su bi ta bakin tarho. Da haka duk wata tsohuwar waya da ke cikin bango ta koma bayan shinge, manyan zanguna ba sa shiga cikinta balle ta ɓata su.

Abin da ya sa wannan ke aiki sosai shi ne rassa. Gidajenmu ba a rana ɗaya ake gina su ba. Yau an ƙara shago a gaba, baɗi an yi wa amarya sashe, an ɗora bene, kowane lokaci kuma sai a kira yaro ya ɗauko layi daga inda ya fi kusa. Bayan shekaru sai ka tarar da waya ta rabu uku ko huɗu, wasu rassan ba komai a ƙarshensu, suna nan a buɗe cikin bango. Ga murya wannan ba komai ba ne. Ga ADSL kuwa, saƙo yana shiga reshen, ya je ƙarshe ya tarar ba mai karɓa, ya dawo da baya ya haɗu da wanda ke tahowa. A wasu zanguna sai su kashe juna, yankunan da ke wurin su zama fanko. Bayan haka reshen da ke rataye eriya ne, ko an so ko ba a so ba. Matsakaicin zangon rediyo yana farawa daga wajen kilohaz 530 zuwa 1,600, wato a tsakiyar filin ADSL yake zaune. Da dare tashoshin nesa sun fi shigowa da ƙarfi, duk mai sauraron Kaduna a matsakaicin zango ya san haka, shi ya sa ratar layi kan faɗi bayan magariba. Reshen da ba a amfani da shi a kwance shi daga tushe. Cire tarhon da ke ƙarshensa bai isa ba.

A nan akwai wani tarko ga masu neman shawara a intanet. Shawarar da ta fi yawo ita ce a cire wayar da ke kan lamba 3 a soket, gudu zai ƙaru. Gaskiya ce, amma a Ingila. Can layi yana kan lamba 2 da 5, sai wata waya ta uku a lamba 3 da aka ja don kaɗa ƙararrawar tsofaffin tarho. Ita kaɗai take tafiya ba abokiya, tana kwaso hayaniya tana zubawa a layin, har kamfanin tarhonsu, BT, ya fito da wani faranti a 2008 don tace ta. Soket irin na Faransa, mai baki kamar harafin T, wanda za ka tarar a tsofaffin gine-gine, ba haka yake ba. A cikinsa layin kansa ne ke kan lamba 1 da 3. Ka cire ta ukun, ka kashe tarho da intanet baki ɗaya. Abin da ake nema a irin wannan soket daban ne: wani ɗan ƙullin kondansa da ake maƙalawa don a riƙa gwada layi daga cibiya. Mai ƙafa uku shi ne aka sani da dagula ADSL, mai ƙafa biyu ba ya damun kowa. In ka gan shi, nuna wa ma'aikacin kamfani ya cire ko ya sauya, tunda kayan awonsu ne. A ƙaramin soket na zamani kuwa, mai ɗan baki murabba'i, layi yana kan tsinke biyu na tsakiya.

Sai irin wayar da za a ja. Wayar tarho ta gaskiya a murɗe take, biyun suna nannaɗe da juna. Dabarar tsohuwa ce, Alexander Graham Bell ya yi mata rajista tun 1881. In biyun na murɗe, duk hayaniyar da ta faɗa wa ɗaya ta faɗa wa ɗayar daidai wa daida, shi kuma modem bambancin da ke tsakaninsu yake karantawa, sai hayaniyar ta soke kanta. Shimfiɗaɗɗiyar wayar nan mai laushi da ake sayarwa a naɗe, mita goma ko ashirin da kai a kowane gefe, ba murɗi a cikinta. An yi ta don a ja tarho daga bango zuwa tebur. In aka ja modem da ita daga zaure zuwa cikin gida an gama da layin. Wayar lantarki ta fitila da wasu ke ƙarawa da ita ta fi ta muni.

Abin da ya dace shi ne kebul ɗin kwamfuta, wanda ake kira Cat5e. Tagwaye huɗu ne a ciki, ɗaya kawai kake buƙata, amma ka tabbata ƴan tagwaye ɗaya ka ɗauka, misali shuɗiya da fara mai ratsin shuɗi. In ka ɗauki shuɗiya da koriya, tarho zai yi aiki, ka ɗauka an gama, alhali amfanin murɗin ya tafi. Wurin saye kuma a buɗe ido, don akwai kebul mai arha da cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare bakin wayar da reza, in fari ya fito ka ajiye masa kayansa. Irinsa saurin karyewa gare shi a wurin ɗauri. In da hali ma, kada a ja layin tarhon da nisa ko kaɗan: a ajiye modem kusa da bakin shigowa, daga nan a ja kebul ɗin kwamfuta zuwa inda ake aiki, shi yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba. Kada a haɗa shi tiyo ɗaya da wayar wuta, a bar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninsu, in dole su gitta su gitta a gicciye.

Na ga an buɗe wani soket a shagon buga takardu da ke gaban wani tsohon gida. Da aka ɗaga murfin, zanzaro ya gina ɗakinsa a kusurwa, ƙura ta daskare a kan sukurori, jan ƙarfen ya koma kore. A bayansa an ƙara waya da waya ta hanyar murɗawa da hannu, aka naɗe da leda baƙa. Mai shagon yana tsaye yana cewa, "Malam, ai tarhon yana aiki, jiya ma an kira ni." Mai gyaran ya ce, "Alhaji, murya ko ta kan tsatsa wucewa take. Intanet ne ba ya iyawa." Ya yanke inda ya yi kore, ya feƙe sabon wuri mai sheƙi, ya ɗaure a sukurori, ya kwance wani reshe da ya nufi ɗakin ajiya. Da aka kunna modem fitila ta tsaya cak.

Yanayin garin nan ma ba ya raga wa waya. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gasa robar wayar da aka shimfiɗa a kan kwano ko aka rataya a tsakar gida har ta tsattsage. Hunturu ya cika tsagar da ƙura. Damina ta zo a Yuli da Agusta ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Layin da ke lafiya da rani amma yake yankewa duk ranar da aka yi ruwa, mahaɗi ne ya jiƙe a wani wuri. Duk wayar da za ta bi waje a sa ta cikin tiyon roba, mahaɗi kuma a cikin akwati mai murfi, bakinsa na kallon ƙasa. Ɓera da gara su ma suna da rabonsu a cikin silin.

Akwai hayaniyar da ba daga waya take ba, daga kayan wuta take. Inbatar sola, cajar salula mai arha, ƙwan fitila na zamani mara kyau, janareto, har da ita kanta cajar modem ɗin in ta tsufa. Ƙaramar rediyo mai batir ta isa farauta. Murɗa ta zuwa matsakaicin zango, ka nemi inda ba tasha, ka zaga gida da ita. Inda ta fara ɓuuu da ƙarfi, kashe abin da ke wurin ka ji ko ta yi shiru. In layi yana yankewa a lokaci ɗaya kullum, tambayi kanka me ake kunnawa a lokacin. Sau da yawa lokacin da aka ɗauke wuta aka koma kan inbata ne, kuma maganin bai wuce a nisanta modem da wayarsa daga inda batura suke ba.

Wayar tarho tana ɗauke da wajen bolt 48 ko ba a magana, in kira ya shigo kuma abin yana haurawa sosai, yana iya fizgar mutum. Ba ya kisa a yawancin hali, amma a kan tsani fizga kaɗan ta isa. In hadari ya haɗo kada a taɓa waya sam, a zare modem daga wuta da kuma daga layi, don tsawa ta layin tarho ta fi shigowa ta ƙone shi. Abin da ke daga falwaya zuwa bakin gida kuma na kamfani ne, ba a hawa a gyara da kai.

Duk wannan gudun da ke tsakanin modem da cibiya kawai yake gyarawa. Ba ya ƙara abin da ka yi rajista a kai: in megabit biyu ka saya, biyu za ka samu ko da zinariya ka ja wayar. Ba ya hana cunkoson dare. Ba ya gyara wifi da katangar siminti ta tare, wannan wata magana ce daban. Kuma Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake bi kafin ya kai ga manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024, da huɗu daga cikinsu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ba soket ɗin da za a buɗe a unguwar Zariya ko Sabon Gari ya dawo da shi. Wanda aka kawo masa fiba har gida shi ma ba ruwansa da filta, haske ne ke tafiya a zaren gilashi, hayaniyar lantarki ba ta kama shi, sai dai kebul ɗin da ya ja a cikin gida zai ci gaba da yi masa amfani.

In gwajin soket na farko ya nuna matsalar a waje take, akwai yadda ake kai ƙara a saurare ka. Jona tarho mai igiya a soket ɗin shi kaɗai, danna lamba ɗaya don ƙarar layi ta ɗauke, ka kasa kunne. In kana jin ƙaraf-ƙaraf ko gurnani, ka ce musu layin murya ne ke da hayaniya, don wannan ma'aikaci zai ji da kunnensa, ba ya buƙatar dogon bayani. Ka tafi da takardar da ka rubuta lambobin rana da na dare, ka gaya musu an kwance wayoyin cikin gida lokacin da aka auna, ka kuma faɗi ko yankewar tana bin ruwan sama ne ko tana bin wata sa'a.